Kada Ka Kashe Inji a Gangara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Takarda ta fito daga hannun Mai Girma Sarkin Direbobin Gwaram da Birnin Kudu da Basirka da duk inda taya ke taka kwalta, uban masu manyan motoci da ƙanana, wanda in ya yi tari 'yan kamasho ke miƙewa tsaye, zuwa ga ɗana Nafi'u na Zandam, sabon direba. Gaisuwa mai yawa da yarda da aminci. Ina fatan ka sauka Kano lafiya, ba a yanke maka aljihu a tasha ba, kuma ƙuli-ƙulin da ka tarar da takardar nan a ƙarƙashinsa bai jiƙa ta da mai ba. Allah ya tsare ka fita da komowa, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, da mugun direba, da mugun bakanike, amin.

Kada ka yi mamakin na ce maka ɗana. Duk wanda ya riƙe sitiyari a ƙasar nan ɗana ne, ko ya sani ko bai sani ba. Kada kuma ka tsaya kallon rubutun. Magatakardana ya tafi Umara, shi ya sa na rubuta da hannuna, ni kuwa allo na yi, bokon nan a jikin motoci da cikin waya na tsintsince shi. In ka ga baƙi ya karkace, ka ɗauka kwana ce, ka rage gudu ka wuce.

Bayan haka, labari uku ya iso fada. Na farko, an gwada ka a Kano an ɗauke ka aikin jan motar 'yan makaranta, da safe ka kwaso su, da la'asar ka mayar wa iyayensu. Na yi murna har na ba dogarina kyautar hula. Na biyu, an ce Innarka ta zame a bakin rijiya ta ji ciwo a hannu, amma da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ukun shi ya hana ni cin tuwo. Da na tambaya wa ya koya wa yaron nan mota, sai aka ce ai baffansa ne, Ado Firi, ƙanin mahaifinsa marigayi.

Na ce innalillahi. Na san Ado. Yaron da in ka ga haƙoransa a waje to wani yana can yana neman takalminsa. Yaron da ya taɓa saka maka kwaɗo a cikin buta ranar Juma'a. Wannan shi ya koya maka tuƙi, kuma da tuƙin nan za ka ɗebi 'ya'yan mutane, waɗanda wasunsu ko ɗaure igiyar takalmi ba su iya ba? Shi ya sa na ture shari'un da ke gabana na zauna. Duk abin da Ado ya zuba maka a ka, so nake in kwashe shi kafin ka ɗauki yaro na farko. Ba wa'azi zan yi maka ba. Ɓarnar da na yi da hannuna kafin a naɗa ni zan faɗa maka, kai kuma ka ga inda za ka kauce.

Ni ba a koya mini mota ba. Wanke ta nake yi a tasha, in mai ita ya tafi salla in juya ta sau ɗaya in mayar inda take, in goge zufata daga sitiyari. Mai motar wana ne, mutum mai sanyi, irin wanda fasinja ke ce wa, "Malam, ko mu sauka mu tura ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Za mu je." Kuma kullum sai an je. Da Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonsa, ba a kan hanya ba, sai makulli ya faɗo hannuna, don babban ɗansa bai isa ba tukuna. Lasisi kuwa hoto na bayar da ɗan abin goro. Wani mutum ya kawo mini shi har tasha, ya zaro daga aljihu haɗe da na jama'a yana rarrabawa kamar katin ɗaurin aure. Ba wanda ya ce in ja mota ya gani. Allunan nan na bakin hanya ban san abin da suke cewa ba. Mai hoton yara biyu riƙe da hannun juna, na daɗe ina zaton tallar rigakafi ce. Ashe cewa yake rage gudu, yara na tsallakawa. A gabansa ma nake ƙara wuta, don wurin a miƙe yake.

To kai ka yi boko, ba ka da uzurina. Duk allon da ba ka gane ba ka tambaya, ko da mai sayar da rake ne a gindinsa. Kada kuma lasisin da ke aljihunka ya ruɗe ka, na san ta hanyar da ya zo, mutumin nan ne dai ya kawo shi.

Sai maganar lodi. Ɗana, na yi lodin da in na tuna yanzu sai in ji kunyar motar. Buhu a sama, akuya a but, mutane a ciki kamar an jera goro a huhu. Gaba mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, sannan ni kaina in matsa jikin ƙofa in ba wani rabin kujerata, giya ta faɗa tsakanin ƙafafunsa. Duk sanda zan canja giya sai na ce, "Baba, a ɗan ɗaga gwiwa." Bel ɗin kujerar gaba kuwa bakinsa ya karye tun tuni. Da mun hango shinge sai in ce wa na gaba, "Ja bel ɗin nan ka riƙe da babban yatsa." Ya ja ya riƙe a ƙugu kamar an ɗaura. Muna wucewa ya saki, bel ya koma gidansa, kowa ya yi dariya.

Kana zaton masu tsaron shingen ba su gani? Sun fi ni sanin motar nan. Sun san tayar gaba ta suɗe kamar kan jariri. Sun san ƙofar baya da waya aka ɗaure ta. Tun daga nesa suke kirana da sunan da ake kirana a lokacin, wanda ba zan faɗa maka ba don girman sarauta. Wata rana babbansu ya leƙo ya ga wani tsoho a rabin kujerata, gemu fari fat, da zakara a cinya.

Ya ce, "Kai, yau ma mutum biyu ne ke tuƙin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yarona ne, koyon aiki yake."

Ya dubi tsohon, ya dubi zakaran, ya ce, "To Allah ya sa ya iya kafin ya girma. Ina na rana?"

Na miƙa hannu kamar za mu gaisa, muka gaisa, aka janye itacen. Mota ta ɗauki dariya har tsohon. Ni kuwa na tafi ina jin ni gwani ne, na iya zama da hukuma.

Ka ji wannan da kyau, Nafi'u. Ranar da aka janye maka itace alhali motarka ba lafiya, ba alfarma aka yi maka ba. An dai bar ka ne ka je ka gamu da abinka a gaba, inda babu mai ganinsu. Shi mai shingen zai koma gida ya ci tuwonsa. Ba ya cikin motar. Ba na ce dukansu haka suke ba, akwai wani siriri da ya taɓa sauke mini mutum uku a rana tsaka ya ƙi karɓar ko sisi, na yi ta zaginsa a tasha har mako. Yau in na gan shi sai na durƙusa. Amma irinsa ba kullum ake dace da shi ba, don haka kai ne shingen kanka. Kujera ɗaya yaro ɗaya. Kowane bel ka ji ya ce ƙas da kunnenka kafin ka tayar. In shugaban makaranta ya ce a ƙara yara biyu a tsaye, gida kusa ne, ka ce masa ranka ya daɗe na dawo na ɗauke su.

Tseren fasinja kuwa, Allah ya yafe mana. Akwai wani abokin hamayyata a layin Birnin Kudu, in ya riga ni fita daga tasha ba na samun sukuni sai na sha gabansa. Wata rana na hango wata mata can gaba a bakin hanya da ƙullin kaya. Shi ma ya hango ta. Tsakanina da ita akwai babbar mota cike da buhuna, ga kwana. Waya tana kunnena, ina ba wani labarin ƙwallo. Na fita na sha gaban babbar motar a cikin kwanar nan ba tare da na ga abin da ke zuwa ba. Sai ga mai babur da matarsa a baya. Na ga fararen idanunsa. Ya watsa babur ɗin cikin kwalbati, ni kuma na wuce. Madubin gefe ba ni da shi, wani fasinja ne ya waiga ya ce sun tashi, suna kakkaɓe jiki. Ban tsaya ba. Na isa wurin matar na taka birki, na ce, "Hajiya, Birnin Kudu?" Ta ce, "A'a, ɗan nan, awara nake sayarwa. Ta nawa za a ba ka?"

Na ba da labarin nan a tasha ya fi a ƙirga, kullum a kan mai awara ake dariya. Ba wanda ya taɓa tambayata mai babur, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba sai kwanan nan. Ban san sunansa ba, ban san ko matar tana da ciki ba, ban san ko ya iya noma a daminar ba. Ba kuma wanda ya tsayar da ni a gaba. Saboda haka, wayarka ta zauna a aljihu, ko waccan yarinyar ta layin masu dawa ce ta kira, e, labarinta ma ya iso fada. Kada ka wuce mota a kwana. Wanda ya danna maka hon a baya yana gaggawa, matsa masa ya wuce, ka yi masa addu'a. In kuma tsautsayi ya sa ka ture wani, ko kaza ce, ka tsaya.

Gyara ma haka na yi masa riƙon wasa. Birkin hannu ya tsinke, na ce ai ga duwatsu a ko'ina, Allah ya hore wa ƙasarmu. Kik ya mutu, na ce ai ga fasinja, su tura, motsa jini ne. Hon kuwa sai an kunna makulli yake kuka. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ƙaramin abu ne. Ban san suna jiran ranar da za su haɗu ba ne.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sauran duk share fage ne.

Ka san firi, don na san Ado ya koya maka, da ita ma ake masa laƙabi. Ka hau kan gangara, ka cire giya, ka kashe inji, mota ta riƙa sulalawa shiru ba ta shan ko ɗigon mai. Sai an kai ƙasa ka jefa giya ka saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Tun da mai ya yi tsada kowa ke yi, amma ni na mayar da ita sana'a. Na san kowace gangara daga Basirka har Birnin Kudu, na san inda zan kashe da inda zan tayar. In na kashe, motar ta yi tsit, sai iska da kukan akuya, in juya in ce wa fasinja, "Jama'a, yanzu a jirgin sama kuke, ba a ƙara muku ko kwabo ba." Ana dariya ana shi mini albarka. Har na zaunar da wani yaro na gidanmu a kan sitiyari na koya masa, ina ce masa direban da ke ƙona mai a gangara bai san ciwon kansa ba. Yaron ya iya, har ya fi ni lallaɓawa. Ranar na yi alfahari da shi.

To, a makon jiya, wato ina nufin wani mako can shekarun baya, muna dawowa daga kasuwar Basirka mun nufo Gwaram, rana ta ɗan karkata. Mota cike. A rabin kujerata wani mai sayar da igiya, ƙato, gwiwarsa kamar turmi. A gaba mata biyu, ta bakin ƙofa matar wana ce marigayi, ta je sayen gyaɗa za ta yi wa ɗanta guzuri, don yana can birni ana gwada shi aiki. Mun wuce shinge ta ja bel ta riƙe da yatsa kamar yadda na koya mata, muna wucewa ta saki, tana ce mini, "Kai dai Allah ya shirye ka." Na ce, "Amin, Yaya, amma ba yau ba."

Muka hau kan gangara na kashe inji. Ruwan sama ya haƙa ramuka biyu a saman, na taka birki na kauce wa na farko, na sake takawa na kauce wa na biyu. Mota ta miƙe ta fara ɗaukar gudu. Na buɗe baki zan yi maganar jirgin sama ke nan sai na hango ƙasan gangarar. Shanu ne ke tsallakawa, sun cika hanya daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiyarsu wata 'yar yarinya da sanda, kanta bai kai doron saniya ba.

Na taka birki. Nafi'u, dutse na taka. Na miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu, bai motsa ba. Daga baya bakanike ya gaya mini birkin motar da numfashin inji yake aiki, in ka kashe inji taki ɗaya ko biyu ya rage maka, ni kuwa na kashe su a kan ramuka. Shekara da shekaru ina firi ban sani ba, don ban taɓa buƙatar taki na uku ba sai ranar. Na danna hon, shiru. Na murɗa makulli, kik ɗin da na ƙi gyarawa ya ce ƙyat ya yi shiru. Na kai hannu giya, gwiwar mai igiya ta tokare, ya sandare don tsoro, ina ihu "Ɗaga! Ɗaga!" shi kuma yana salati. Da na samu na fizgo ta, gudu ya yi yawa, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Na laluba birkin hannu, na tuna duwatsu.

Yarinyar ta juyo ta kalle mu. Ba ta gudu ba. Motar ba ta ƙara, ba ta san da gudu muke ba. Har ɗaga mana sanda ta yi, wai mu dakata shanunta su wuce.

Matar wana ce ta daka mini tsawa, "Gona! Faɗa gona!" A hannun dama akwai gonar dawa, ta yi tsayi ta fara fitar da kai. Na rungumi sitiyari na karya shi da duk ƙarfina. Muka bar kwalta, muka tsallake ɗan rami, muka faɗa. Ƙasa a jiƙe, kunya-kunyan nan suka riƙa kama taya ɗaya bayan ɗaya, karan dawa na dukan gilashi, buhuna na zubowa daga sama, mata na salati, har motar ta dasa hanci a ƙasa ta tsaya.

Sai wata akuya ta yi kuka a but.

Na fito. Na riƙa zagaya mota ina taɓa mutane ɗaya ɗaya kamar mai ƙirgen awaki, ina cewa, "Kana da rai? Kina da rai?" Wani ya fasa leɓe, wata goshinta ya kumbura, mai igiya ya rasa takalmi ɗaya. Kowa ya fito da ƙafarsa. Na waiga hanya, saniya ta ƙarshe tana hawa gefe, yarinyar na bin ta, tana waigenmu tana mamakin mutanen da suka bar hanya suka shiga gona. Na zauna a kan kunya na fashe da kuka, ni da ko ranar da aka binne wana sai da na ɓuya na yi. Alhamdu lillahi. Har yanzu in na tuna sai na faɗa a fili, ko a tsakiyar cin abinci ne. Alhamdu lillahi.

Mai gona ya taho a guje da fartanya yana cewa, "Wane la'ananne ne? Dawata! Dawata!" Da ya iso ya ga mata zaune a ƙasa, ya dubi gangarar, ya dubi shanun, sai ya ajiye fartanyar ya ce, "Ba wanda ya mutu?" Aka ce babu. Ya ce, "To dawa ta yi aikin da ya fi tuwo." Ya aika aka kawo mana ruwa.

Can sai ga ɗaya daga masu shinge a kan babur. Na miƙe na haɗa hannuwana, na ce yau kam sai ɗaki, kuma wallahi da an kai ni da na ji daɗi. Ya zagaya mota, ya ga tayar da ya saba gani, ya ce, "An rasa rai?" Aka ce a'a. Ya ce, "To ku sasanta da mai gona. Kai kuma ka riƙa kula." Ya ɗan tsaya kusa da ni yadda ya saba tsayawa, ya ga hannuna bai nufi aljihu ba, ya hau babur ya tafi. Ko lasisin bai tambaya ba. Da gobe na fito da motar, da itacen nan za a janye mini.

Sai na juya wurin matar wana. Tana zaune ta rungume hannunta na dama a ƙirji. Da bel ɗin nan yana ɗaure da ba abin da zai same ta. Hannun ta kai ta tokare gaban mota. Muka samu wata mota ta kai mu babban asibiti a Birnin Kudu, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi ya tsage amma bai rabu ba, zai haɗe. Aka ɗaure. Ina tsaye a bakin gado na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ina makullin?"

Na miƙa mata. Ta sa haƙori da hannun hagu ta ƙulle shi a bakin zaninta.

Ta ce, "Hukuma ta sake ka, ni ban sake ka ba. Motar marayu ce, ba ta ubanka ba."

Na ce, "Yaya, ai ubanmu ɗaya da mai ita."

Ta ce, "Rufe mini baki, mai haƙoran tsiya. Yau ma wasa? Hannuna ba ya damuna. Yarinyar nan mai sanda nake gani in na rufe ido. Irinta za a cika wa ɗana mota da su, kuma abin da ka yi yau ka koya masa, a gabana kuke taƙama da shi. In ya dawo ɗaukar kayansa zan ce masa a bakin rijiya na zame, don in ya ji gaskiya zai fasa tafiyar ya zauna jinyata, ko ya tafi da fushin baffansa a ciki. Amma abin da ka zuba masa, kai za ka kwashe. Ranar da ka kwashe ka zo ka karɓi makulli."

Nafi'u, rawanin nan ya yi mini nauyi, bari in sauke.

Babu wani Sarkin Direbobi. Babu fada, babu dogari, magatakarda bai je Umara ba don ba a haife shi ba. Na san tun daga kwaɗon buta ka fara zargi, zuwa mai awara kuwa ka gama ganewa, don kana cikin motar ranar, kai ne fasinjan da ya waiga. Ni ne. Ado ne, baffanka. Innarka ba ta zame a bakin rijiya ba. Ni na fasa mata hannu, a makon da kake Kano wurin gwaji.

Na so in faɗa maka baki da baki. Ka tuna ranar da kake ɗaure kaya na zo na tsaya a ƙofa na ce, "Nafi'u, don Allah kada ka riƙa firi"? Ka kalle ni ka tuntsire da dariya ka ce, "Baffa, yau kuma wa'azi aka koma? A ina za a yi, in kawo tabarma?" Ban ga laifinka ba. Tun kana rarrafe ban taɓa gaya maka magana ba wasa a ciki ba. Ranar da na zo da ta gaske sai na tarar ba ni da bakin faɗarta. Shi ya sa na ari rawani, na ce ko don ka ga ƙarshen shirmen za ka karanta har ƙasa. Ga shi ka karanta.

Ban ba ka shekara biyar ba, tare aka yi mana kaciya, amma ni ne uban da ya rage maka, haka Allah ya tsara, ka yi haƙuri da rabonka. Da Yaya mahaifinka yana nan shi zai rubuta maka, kuma tasa ba za ta wuce layi ɗaya ba: za mu je. Yi irin tuƙinsa, kada ka yi nawa. In yara sun ce maka direba ba ka gudu, ka ce musu za mu je.

Kada ka fasa aiki ka taho. Hannun yana haɗewa, jiya ma da shi ta nuna ni tana faɗa. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke kai niƙa. Ƙuli-ƙulin nan da kake ci ma, gyaɗar da muka tsince daga cikin gonar dawa ce, kuma ni na murza shi tana zaune tana ba da umarni, matan gida na leƙe suna dariya. Shi ya sa ka ga wani kamar tayar babur wani kamar ƙahon rago. Ka ci haka nan.

In ka ga dama ka kira ni ka zage ni, zan ɗauka, ba zan ce komai ba. Amma kada ka kira Innarka ka ce ta ba ni makulli don tausayi. Ina nan ina taya mai gona ɗaga dawar da ta kwanta, ban mutu ba. Ka bari sai ranar da ka hau kan gangara da yaran nan a bayanka, hannunka ya tafi wurin makulli da kansa yadda na saba masa, ka janye shi, ka sauka a giya inji na kuka har ƙasa. Ranar ka kira ta ka ce, "Inna, an kwashe." Ita ta san abin da za ta kwance.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya tsare ka, ya tsare 'ya'yan mutane a hannunka, ya mayar da kowanne ga uwarsa da ƙafarsa. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba Innarka lafiya, ya raya yarinyar nan mai sanda har ta ga jikokinta ba tare da ta taɓa sanin abin da ya wuce ta ba. Ni kuma Allah ya shirye ni, yau ɗin nan, ba gobe ba.

Wassalam. Daga baffanka Ado, wanda a da ake ce wa Firi, yanzu kuwa Sarkin Masu Tafiya a Ƙasa na Zandam da kewaye.